Duna da ƙafa uku: dajin ƙashi a jikin kare da shawarar da ke kan mai shi

Ɗingishin ya fara ne cikin hunturu. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana zaune a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, yana kiwon raguna a turke domin kasuwar Layya, kuma shekara takwas ke nan karensa Duna ne yake kwana a bakin garken. Uban Duna irin manyan karnukan nan ne da ake kira berje, uwarsa kuwa karyar gida ce, don haka ya ɗauko tsawo da faɗin ƙirji daga can, juriyar zafi daga nan. Da ya fara ɗage ƙafar gaba ta dama, kowa ya ce ƙaya ce. Aka duba tafin, ba ƙaya. Aka ce to rago ne ya tunkuye shi. Kawu ya kira maɗori ya murza, ya ɗaure da kara da tsumma. Bayan mako uku da aka kwance, sai ga kumburi a saman wuyan ƙafar, da tauri kamar dutse, ko yatsa ka ɗora sai karen ya yi ƙara. Duna da ba ya barin ƙanzo a kwano ya koma ya shinshina ya kau da kai.

Ni na raka Kawu wajen likitan dabbobi, ni kuma na yi ta kai da komo a watannin da suka biyo baya. A Damagaram gidajen da ke da kare sun fi yadda ake zato yawa: masu garke, masu garka a hanyar Mirya, mafarauta, da samarin da ke sayo manyan karnuka daga Najeriya. Amma ranar da kare ya kwanta ciwo mai tsanani, abin da aka saba shi ne a ɗaure shi a lungu har ya mutu, ko a kai shi bayan gari a sake. Ina ganin duka biyun zalunci ne, kuma ina ganin yawanci rashin sanin abin da ke faruwa cikin ƙashin ne yake jawo su, ba mugunta ba.

Kafin a kai ga maganar daji, ba kowane kumburi ne daji ba, kuma likita ya fara ne da kawar da sauran. Karaya tana kumbura ƙafa. Cizon wani kare yana iya kai ƙwayar cuta har cikin ɓargo, ƙashi ya ruɓe ya tara mugunya, wannan kuwa magani yana warkar da shi. Saran maciji ma yana kumbura ƙafa, sai dai shi cikin sa'o'i yake yi, ba cikin makonni ba. Ko a cikin dajin kansa akwai wanda ya fi wani sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda ya fi yawa a karnukan da ke yawo a unguwa wani ƙari ne ja mai zubar jini da ke fitowa a al'aura, suna ɗaukarsa a wajen barbara. Yana cikin ƴan tsirarun nau'o'in daji a duniya da ke tsallakawa daga dabba zuwa dabba, ba ya kama mutum, kuma allurar binkiristin sau ɗaya a mako, na mako huɗu zuwa shida, tana warkar da mafi yawansu sarai. Ƙarin nono a karya kuwa kusan rabi ne kawai mugu, in an cire da wuri ana dacewa. Duk wanda ya ji likita ya ce daji, ya tambaya wane iri kafin ya yanke ƙauna.

Na Duna shi ne mugun. Likitoci suna kiransa ostiyosarkoma, kuma cikin kowane ƙari 100 da ke tasowa daga ƙashin kare, kusan 85 shi ne. Ba cuta ba ce da ta shigo daga waje. Ƙashi abu ne mai rai, kullum akwai ƙwayoyin halitta masu gina shi da masu rushe tsohon, kamar magina da ke yaɓe katanga kowace shekara bayan damina. Sai wasu daga cikin maginan su lalace, su yi ta hayayyafa ba tsayawa, suna cinye ƙashi mai kyau daga ciki suna tara wani gurɓataccen ƙashi a waje. Fatar da ke lulluɓe da ƙashi cike take da jijiyoyin jin zafi, ƙarin yana tura ta yana miƙar da ita dare da rana. Shi ya sa zafin ba ya lafawa ko karen yana kwance. Ya fi kama manyan karnuka masu dogayen ƙafafu, musamman daga shekara bakwai zuwa sama, ya fi kama ƙafar gaba a kan ta baya, kuma yana da wuraren da ya fi so: a gaba, saman wuyan ƙafa ko kusa da kafaɗa, a baya, kewayen gwiwa. Likitan yana ganin girman Duna da shekarunsa da inda kumburin yake, fuskarsa ta canja tun kafin a yi hoto.

Hoton, wanda muke kira radiyo, shi ne wahala ta farko. Likitocin dabbobinmu, waɗanda da yawansu a makarantar Dakar suka yi karatu, aikinsu na yau da kullum shanu ne da raƙuma da awaki da rigakafin garke, domin nan arzikin jihar yake. Kayan duba ƙashin kare ba su cikin abin da aka tanadar musu. Sai da muka yi kwana huɗu muna nema kafin wani mai na'ura ya yarda a kawo Duna bayan an tashi aiki. A hoton, ƙarshen ƙashin ya yi kama da icen da gara ta ci, ga wasu zare-zare farare suna fita daga gefensa. Tabbaci na ƙarshe sai an yanki tsoka an duba a madubin likita, amma idan siffar hoto da wurin da shekarun dabba suka haɗu haka, da wuya a yi kuskure. A nan na gane haɗarin da muka shiga da ɗori. Ƙashin da ya rarake haka yana iya karyewa a hannun mai murza, ko wajen tsallake ɗan kwalbati, kuma karayar dajin ƙashi ba ta haɗewa. Ban ga laifin maɗorin ba, abin da ya sani ya yi. Amma ɗingishin da ya wuce mako biyu a babban kare, ga kumburi mai tauri kusa da gaɓa, ba na ɗori ba ne.

Sai magana mai nauyi. Wannan daji yana bin jini tun da wuri. A lokacin da mai kare ya ga kumburi, kusan tara cikin goma ƙwayoyin sun riga sun isa huhu, sai dai ƙanana ne ƙwarai, hoto ba ya nuna su sai a kaɗan daga cikin karnukan. Don haka yanke ƙafa ba ya warkar da cutar. Alƙaluman da asibitocin dabbobi na Turai da Amurka suka tara sun nuna cewa idan yankewa kawai aka yi, rabin karnukan ba sa wuce wata huɗu zuwa biyar. Idan aka haɗa da allurar kashe ƙwayoyin daji, wadda muke kira shimiyo, irin su karboplatin da ake yi duk mako uku sau huɗu zuwa shida, sai lissafin ya kai wata goma zuwa shekara guda, kuma kamar ɗaya cikin biyar yana ganin shekara biyu.

Kawu ya saurari wannan duka yana jan carbi. Da likita ya gama, ya ce, "Likita, ka ce ko an yanke zai mutu?"

"Zai mutu, Alhaji. Ko an yanke ko ba a yanke ba."

"To don me za a raba shi da ƙafarsa? A bar shi ya koma yadda Allah ya halicce shi mana."

Likitan ya ce, "Alhaji, ƙafar nan ta riga ta bar shi. Yau mako nawa bai taka ta ba? Abin da ya rage a jikinta zafi ne kawai. Ba kwana zan ƙara masa ba, wannan ba a hannuna yake ba. Zafin zan cire."

A hanyar gida Kawu bai ce komai ba sai da muka kusa ƙofar Birni. Ya ce, "Kai ɗana, in ni ne aka ce za a yanke mini ƙafa don wata biyar, ba zan yarda ba." Na ce, "Gaskiya ne Kawu, amma kai ba Duna ba ne."

Duk gardamar a nan take, kuma na daɗe ina juya ta. Mu mutane idan muka ji yanke ƙafa, abin da ke zuwa mana ba ciwon kaɗai ba ne. Muna tuna sanda, da sana'ar da za ta tsaya, da idon jama'a, da sunan gurgu da zai bi mutum har kabari. Mai ƙafa biyu in ya rasa ɗaya ya rasa rabi. Kare ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikin wannan kaya. Bai san jiya yana da huɗu ba balle ya yi baƙin cikin yau, ba ya jin kunyar sauran karnuka, ba ya lissafin watannin da suka rage masa. Abin da ya sani shi ne yanzu akwai zafi ko babu. Idan muka ƙi yankewa don tausayi, sau da yawa kanmu muke tausaya wa, mu ne ba ma son ganin gurbin ƙafar. Kuma kare yana ɓoye ciwo fiye da yadda muke zato. Ba lalle ya yi kuka ba. Alamarsa ita ce ya daina ci, ya yi ta haki ba zafin rana, ya kasa samun kwanciyar da za ta yi masa daɗi da dare, ya daina fitowa tarbar mai gida. Duna ya yi duk waɗannan, mu kuwa muna cewa tsufa ne.

Ba kowane kare ne ya dace da aikin ba, kuma likitan kirki zai faɗa. Kare yana ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba, 40 a na baya, don haka rasa ta gaba ya fi wuya, ɗayar da ta rage ita za ta ɗauki abin da biyu suke ɗauka. Karen da ya yi ƙiba, ko mai ciwon gaɓoɓi a sauran ƙafafun, ko wanda hoton ƙirjinsa ya riga ya nuna ƙari a huhu, yanke masa ƙafa ƙarin wahala ne. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman: kaska. Cututtukan da take sa wa karnukanmu suna rage jini, suna rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, kare yana yawo lafiya a ido amma in aka sa masa wuƙa jinin ya ƙi tsayawa. Gwajin jini kafin aiki dole ne. Masu dogayen karnukan farauta marasa kitse, irin na Azawak, su kuma su tuna wa likita, domin wasu alluran barci suna daɗewa a jikin irinsu fiye da sauran.

Sai kuɗi, da abin da ya fi kuɗi ciwo, wato bakin mutane. Da labari ya bazu cewa Alhaji zai biya a yi wa kare aiki, wani maƙwabci ya ce a zaure, mutane na kwance asibiti ba kuɗin magani, shi yana kai kare. Ba zan ce maganar banza ba ce. Ƙasarmu ba ta samu na'urar gasa ciwon daji da haske ba sai a 2021, a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai, kusan kilomita 900 daga nan. Na san matan da suka sayar da awakinsu da gadonsu don su kai kansu can. A garin da haka take, wanda ya ɗauki kare ya nufi asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bi ta Matamai da Daura da Kano duk mako uku don shimiyo, da gwajin jini kafin kowace allura, dole ya tambayi kansa ko babu wani haƙƙi da ya fi wannan kusa da shi. Kawu bai yi shimiyo ba, kuma ina ganin daidai ya yi. Ba don maganin ba ya aiki ba. Karnuka ma sun fi mutane jure shi, domin ba a ba su da yawa kamar yadda ake ba mutum. Sai don tafiyar da kuɗin sun fi ƙarfin gidan, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma daga "ba zan kai shi Zariya ba" zuwa "ba ruwana da zafinsa" akwai tafiya mai nisa, kuma maƙwabcin nan tsallake ta ya yi. Kuɗin aikin bai kai kuɗin rago ɗaya daga cikin waɗanda Duna ya kwana yana tsaro shekara takwas ba. A shekarun nan ba a taɓa kwance wa Kawu ko tunkiya ba, alhali an yi wa na kusa da shi. Dabbar da ta yi maka wannan aiki, ranar da ta kwanta ba baƙuwa ba ce.

Ta fuskar addini ma mutane suna cakuɗa abubuwa biyu. Gaskiya ne an hana ajiye kare haka kawai, hadisi ya ce ladan mai yin haka yana raguwa kullum, ban da karen farauta da na kiwo da na gona. Risala, wadda kowane almajiri a zaurukan Damagaram yake karantawa, ta kawo wannan hukunci. Masu sharhinta kuma sun ruwaito cewa shi kansa mai littafin, Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro, kare ya ajiye, da aka yi masa magana ya ce da Imamu Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. A mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki bin umarni ne. Wannan duka hukuncin ajiyewa ne. Hukuncin wanda ka riga ka ajiye, ya jingina da kai a ci da sha, wani abu ne daban. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce akwai lada a kan kowace hanta mai danshi. Wancan karen ma ba na mutumin ba ne, a hanya ya gamu da shi.

Wanda ba zai iya aikin ba, ko karensa bai dace da shi ba, saura masa rage zafi, kuma a nan ne ake kashe karnuka da kyakkyawar niyya. Kafin mu je wajen likita, yaran gidan sun sayo diklofenak a bakin kasuwa suna tura wa Duna cikin tuwo. Diklofenak da ibuprofen suna huda cikin kare, suna kashe masa ƙoda, ƴan ƙwayoyi kaɗan sun isa. Alamar ita ce amai da baƙin kashi kamar kwalta. Allah ya sa kwana biyu kawai suka yi suna ba shi. Tramol da wasu ke ba dabbobi ma ba ya yi wa kare aikin da yake yi wa mutum. Akwai magungunan da aka auna domin kare, irin su meloksikam da karprofen, wani lokaci a haɗa da gabapentin, kuma likita ne zai auna gwargwadon nauyin dabbar. Sai dai a san iyakarsu: zafin dajin ƙashi yana fin ƙarfinsu cikin makonni, ƙashin kuma yana nan yana rarakewa. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya zaɓi gajeriya, ya kuma shirya wa ranar da za a ce ya isa.

Kawu ya kwana uku sannan ya ce a yi. Ya roƙi abu ɗaya, a bar wa Duna ɗan dungu don kada wurin ya yi muni. Likita ya ƙi, ya kuma yi bayani: dungu ba ya taka ƙasa, nauyi ne kawai, karen zai yi ta dogara shi yana gurjewa ya zama gyambo, kuma yankewa kusa da ƙarin tana iya barin ƙwayoyinsa. A ƙafar gaba har allon kafaɗa ake cirewa, a rufe da tsoka da fata, wurin ya kwanta sumul. Haka aka yi, da sassafe, cikin watan Fabrairu.

Ganin farko yana da wuya, ba zan ɓoye ba. An aske rabin ƙirjin, ga dogon ɗinki, ga fata ta yi ja ta kumbura. Inna, matar Kawu, ta leƙa sau ɗaya ta koma ɗaki. Amma washegari da yamma Duna ya miƙe da kansa ya yi tsalle uku zuwa inda yake fitsari, a rana ta uku kuma ya cinye tuwo da romo har yana lasar kwano, abin da ya yi wata guda bai yi ba. A daren nan ne Kawu ya ce ya ji shi yana minshari, karo na farko tun hunturu.

Jinyar mako biyun farko ita ce aikin gaske, kuma a garinmu abokin gaba ƙuda ne. In ya sami ciwo ya yi ƙwai, kwana ɗaya ya isa tsutsa ta fito. Muka sa masa tsohuwar rigar yaro ta rufe ɗinkin, muna canja ta kullum, muka kuma huda gindin bokitin roba muka zura masa a wuya don kada ya lasa ko ya tsinke zaren. Muka raba shi da garke, aka shimfiɗa masa tabarma da buhu a zaure. Daɓen siminti mai santsi yana kayar da mai ƙafa uku, rairayi kuwa yana riƙe shi, don haka tsakar gidan Kawu ta fi masa gidajen zamani. In zai tashi a kwanakin farko, sai a zura zane ƙarƙashin ƙirjinsa a tallafa. Ruwa ya ɗan taru ƙarƙashin fatar a mako na farko, likita ya ce a bar shi, jiki zai shanye, haka kuwa aka yi. An cire zare a rana ta goma sha huɗu. Wani lokaci cikin dare yakan zabura ya yi ƙara ya waiwayi inda ƙafar take a da. Jijiyoyin da aka yanke ne suke aika saƙon ƙarya, kamar yadda mutanen da aka yanke wa gaɓa suke faɗa, kuma ya daina bayan ƴan makonni.

Abu biyu muka ci gaba da lura da su. Na farko ƙiba: tausayi yana sa a yi ta ba mara lafiya abinci, kowane kilo kuwa a kan ƙafar gaba ɗaya tilo yake sauka. Na biyu zafin bazara. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tafiya da tsalle tana gajiyar da kare fiye da tafiyar ƙafa huɗu, kuma ba shi da ƙafar da zai ɗaga ya huta in rairayi ya yi zafi. Sai aka bar fitarsa ta zama bayan asuba da bayan magariba, ruwa kuma ba ya yankewa a gabansa ko ranar da famfo bai kawo ba.

Wata guda bayan aikin ya koma bakin garke da kansa, ba wanda ya kai shi. Haushinsa bai canja ba. Yaran unguwa da suka fara yi masa dariya suka koma suna kawo abokansu su ga yadda yake gudu. Maƙwabcin nan bai janye maganarsa ba, Kawu kuma bai nemi ya janye ba. Inna ce ta ba ni mamaki, ita da ba ta taɓa barin Duna ya matso kusa da madafa ba, ita ta koma tana ajiye masa romon kai. Watannin nan suna da wani nauyi na daban, domin kowa a gidan ya san lissafin. Ƙaramin jikan Kawu ya tambaye shi ko ƙafar za ta sake tsirowa, Kawu ya ce a'a. Ya tambaya ko Duna ya warke, Kawu ya ce bai warke ba, amma ba ya jin ciwo. Na ji daɗin da bai yi wa yaron ƙarya ba. Duna ya ga an sayar da ragunan shekarar, ya ga an kawo ƙananan da za a turke.

Tari ya fara a farkon damina, wata na biyar bayan aikin. Busasshen tari ne, sai numfashi ya riƙa yin sauri ko yana kwance, sai rama. Likita ya riga ya gaya mana abin da za mu duba: ranar da ya daina ci kwana biyu a jere, ko ya kasa tashi ya yi fitsari, ko ya koma kwana a zaune yana miƙa wuya don neman iska. Kawu ya je ya tambayi malaminsa, malamin ya buɗe Muhtasar na Shaihu Halilu ya nuna masa inda aka halatta a yanka dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da ita, don a hutar da ita. Likita yana da allurar da ke yin wannan ba tare da wuƙa ba, ta fara sa barci mai nauyi sannan zuciya ta tsaya, cikin ƴan mintuna. Guba da wasu ke sa wa karnuka a nama ba hutarwa ba ce, mutuwa ce ta farfaɗiya da shaƙewa, kada wanda ya yi wa dabbarsa haka.

Ranar da alamu biyu suka haɗu, likita ya zo gida bayan la'asar. Kawu ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a kan Duna har aka gama. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ran nan, ya share da hannun riga ya ce, "Sabo ake yi wa kuka." Kafin likita ya tafi ya ja mana kunne a kan rami: maganin yana nan cikin naman, angulu ko wani kare in ya ci zai mutu, don haka ba a yar da gawar a juji, a haƙa da zurfi. Ƙasar Birni dutse ce, ba ta haƙuwa. Muka ɗora shi a amalanke, ni da Kawu da babban ɗansa, muka fita gonar Kawu ta hanyar Mirya inda ruwan farko ya riga ya jiƙa rairayi. Muka haƙa har ramin ya kai mini ƙugu, muka rufe, muka jera duwatsu a kai. Magariba ta same mu a hanyar dawowa, muka tsaya muka yi salla a wani masallaci na bakin titi.